Kuɗin Doguwa a Aljihun Wa Suke Kwana?

Da wuya a samu baligi a Kiru ko Bebeji da bai san sunan Abdulmumin Jibrin Kofa ba, kamar yadda da wuya a samu wanda bai san Alhassan Ado Doguwa ba a Tudun Wada da Doguwa. Idan rijiyar burtsatse ta lalace su ake nema, idan rufin asibiti ya yaye su ake yi wa saƙo. Amma a tambayi mutanen nan nawa aka turo wa ƙaramar hukumarsu daga asusun tarayya a watan jiya, sai a ji shiru. Wannan shirun shi ne ciwon da ke cin kudancin Kano, kuma mu da muka yi boko muna da kaso mai tsoka a cikin alhakinsa.

Aikin a rubuce yake

Aikin ɗan majalisar tarayya yin doka ne da sa ido a kan gwamnati. Aikin ƙaramar hukuma kuwa an jera shi dalla-dalla a Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, makewayin jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu wajen tafiyar da makarantun firamare da kiwon lafiya. Har maƙabartu da gidajen gajiyayyu an ambata. Ke nan tsohon da ke kwana a rumfar kasuwa a Kwanar Dangora, da mai taɓin hankalin da ke yawo a tasha, haƙƙinsu yana wuyan wata hukuma da doka ta kira da sunanta. Ba sadakar matafiya aka bar wa su ba.

Kuɗin aikin ma an tanada. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin VAT. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai. Manomin masara a Doguwa da ke biyan kuɗin mota ninki-ba-ninki, da mai shinkafa a Tudun Wada da ke sayen fetur ɗin injin ban-ruwa da tsada, su suka biya wannan ƙarin daga aljihunsu. Suna da ikon tambayar inda ya shiga.

Inda ya shiga

Sashe na 162 na kundin ya ƙirƙiri asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Da shi gwamnoni, ba tare da bambancin jam'iyya ba, suka mayar da shugabannin ƙananan hukumomi masu jiran a sammusu. Kuɗi ya zo da sunan Bebeji, ya sauka a Kano, a cire na albashi, a cire na “ayyukan haɗin gwiwa”, abin da ya rage a miƙa wa ciyaman ya yi godiya.

Mun ga yadda abin yake a watan Agustan 2024, lokacin da maganar kwangilar magunguna ta fito fili: kamfani guda, ƙananan hukumomi 44, kowace kimanin naira miliyan 10. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya umarci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta bincika. A ajiye batun wanda ya ci da wanda bai ci ba, a dubi tsarin kawai. Ta yaya buƙatar magani a Fagge za ta zo daidai da ta Doguwa har a yanka musu kuɗi iri ɗaya? Garuruwan da ke gefen madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Audu Bako, suna zaune ne a irin wurin da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro ke samun gindin zama. Ƙauyukan da ke bakin dajin Falgore suna fama da nisa da mugunyar hanya. Mace mai naƙuda daga lungunan Riruwai tana buƙatar ungozoma da mota a kusa da ita, domin birni tafiyar sa'o'i ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma an ƙwace masa tsani an ajiye a ma'aikatar ƙananan hukumomi.

Haka cutar mashaƙo ta same mu. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, alhali cuta ce da allurar rigakafi ke hanawa. Allurar nan a ƙaramin asibitin mazaɓa ake yin ta, da hannun ma'aikacin lafiya na matakin farko, wanda sai da firji mai aiki da babur mai mai zai kai ta ƙauye.

Shi kansa ma'aikacin yana cikin waɗanda tsarin ya fi zalunta. Jihar Kano ta sanar da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a watan Oktoban 2024, abin a yaba. Sai dai wannan bai shafi mai aikin sa-kai da ke riƙe da ɗakin haihuwa yana jiran ranar da za a ɗauke shi ba, bai shafi mai shara da mai gadi na wucin gadi ba. Wanda ba shi da takardar ɗauka ba shi da fansho, ba shi da ƙungiya, ba shi da bakin magana. A Abuja ma, a 2025, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki kafin ƙananan hukumomin birnin su saurare su kan sabon albashi.

Hukunci ba ya aiwatar da kansa

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Emmanuel Agim, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki. An yi murna, ƙungiyar NULGE da ta daɗe tana wannan fafutuka ta fi kowa. Watanni suka yi ta shuɗewa ana jan ƙafa kan buɗe asusu a Babban Bankin Nijeriya.

Ko da kuɗin ya iso gobe, da sauran rina a kaba. A zaɓen 26 ga Oktoban 2024 jam'iyyar NNPP ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 kaf. A 2018 da 2021, zamanin Ganduje, APC ce ta share su kaf. Ciyaman ɗin da gidan gwamnati ya zaɓa, gidan gwamnati zai yi wa biyayya ko ta wace hanya kuɗin ya biyo.

Masu adawa da 'yancin ƙananan hukumomi suna da hujjar da ba a raina ta. Sun tuna shekarun da aka bar albashin malaman firamare a hannun ciyamomi, malamai suka yi watanni ba a biya su ba. Gaskiya ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma maganin ɓarawon da ke kusa shi ne idon maƙwabta. Mutumin Kiru zai iya tare ciyaman a wajen ɗaurin aure ko jana'iza ya tambaye shi. Babban sakataren da ke ofis a birni kuwa ko sunansa bai sani ba.

Namu rabon

Lauyoyi da likitoci da akantoci da malaman jami'a 'yan asalin waɗannan garuruwa huɗu suna da yawa a Kano da Kaduna da Abuja. Da Sallah mukan je gida mu raba shinkafa da atamfa, mu biya wa wani kuɗin tiyata, mu dawo da natsuwar mun sauke nauyi. Allah ya ba da lada. Amma buhun shinkafa ba ya ɗaukar ungozoma aiki.

Abin da ake buƙata daga gare mu bai kai kuɗin buhun ba. Ana wallafa rabon kowace ƙaramar hukuma duk wata, a fili yake a intanet. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Ƙungiyoyin ci-gaban Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su rubuta su nemi abu uku: kasafin kuɗin bana, jerin ma'aikatan kowane asibitin mazaɓa, da abin da ya shigo da abin da aka cire kafin ya iso. A fassara amsar da Hausa, a liƙa a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, a karanta a rediyo. Idan an ƙi amsawa, a shigar da ƙara. Lauyoyin ai 'ya'yan garin ne. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma ciyaman ɗin da bai ci ba shi zai fi kowa son a ga takardun.