Dubai: Jiragen Ruwan Shaƙatawa Na Hunturu Da Cinikin Kasuwannin Deira

Tun daga shekara ta 2006, lokacin da kamfanin Costa na ƙasar Italiya ya zama na farko daga cikin manyan kamfanonin Turai da ya mai da Dubai mazaunin jirginsa a lokacin sanyi, wannan birni na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya shiga sahun wuraren da Turawa ke gudun hunturu zuwa gare su ta kan teku. To sai dai kuma abubuwan da suka faru a tekun Bahar Maliya da yankin tekun Fasha daga ƙarshen 2023 sun nuna cewa wannan harka, duk da ɗimbin kuɗin da aka zuba a cikinta, tana rataye ne a kan mashigin ruwa guda biyu waɗanda Dubai ba ta da iko da ko ɗaya daga cikinsu.

Ga magidancin da ya yi ritaya a birnin Hamburg ko Milan, shi da mai ɗakinsa, lissafin ba shi da wuya. Tafiyar kimanin awa shida ce a jirgin sama, su baro ƙanƙara da gajeruwar rana, su sauka a garin da zafinsa a watan Janairu kan tsaya a wajejen digiri 24. Daga filin jirgin sama sai tashar ruwa ta Rashid, inda za su shiga jirgin da ya fi kama da unguwa guda mai tafiya a kan ruwa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da na ninƙaya. A cikin kwana bakwai jirgin zai zagaya da su Abu Dabi da tsibirin Sir Bani Yas da Doha, wani lokaci har da Bahrain ko Maskat, ba tare da sun sake ɗaure kaya ko sau ɗaya ba. Wannan sauƙi shi ne ainihin hajar da ake sayar musu, tare da rana da kwanciyar hankali.

Rabon Deira a cikin wannan mako 'yan sa'o'i ne kawai. Unguwar tana tsallaken mashigin ruwan da ya raba tsohon birnin gida biyu, kuma akasari baƙin kan ƙetara zuwa cikinta ne a ƙaramin kwale-kwalen katako da ake kira abra, wanda ya shafe shekaru da dama kuɗin shigarsa dirhami ɗaya. Sukan ratsa kasuwar kayan ƙamshi, su sayi za'afaran da dabino da turaren wuta, su shiga kasuwar gwal su ɗauki hotunan manyan sarƙoƙin da aka jera a bayan gilashi, watakila matar ta zaɓi ɗan kunne ko zobe, sa'an nan su koma jirgi kafin magariba, domin abincin dare da makwanci duk suna cikin kuɗin da suka riga suka biya tun a gida. Ke nan mai masauki da mai gidan abinci a Deira ba su da wani rabo mai yawa daga irin waɗannan baƙi, ko da kuwa titunan kasuwar sun cika maƙil da su.

Duk da haka hukumomin Dubai sun ɗauki harkar da muhimmanci, kuma dalilinsu yana cikin tarihin garin. An gano man fetur a Dubai a 1966, aka fara fitar da shi a 1969, amma tun farko an san bai kai na maƙwabciyarta Abu Dabi yawa ba. Shi ya sa Sheikh Rashid bin Sa'id al-Maktum, wanda ya yi mulki daga 1958 zuwa 1990, ya mai da hankali ga ruwa: ya sa aka yashe mashigin da ke gaban Deira domin manyan kwale-kwale su iya shigowa, ya buɗe tashar Rashid a 1972, sannan ta Jabal Ali a 1979. Da manyan jiragen dakon kaya suka koma Jabal Ali, sai aka nema wa tashar Rashid sabon aiki. An buɗe zauren saukar fasinjojin shaƙatawa na farko a wurin a 2001, aka ƙara wani a watan Disamba na 2014 wanda zai iya karɓar mutum 14,000 a rana. A kakar 2018 zuwa 2019 fasinjojin da suka shigo ta ruwa sun haura 800,000. A nan ne kuma aka ɗaure tsohon jirgin nan na Ingila, Queen Elizabeth 2, wanda wani kamfanin gwamnatin Dubai ya saya a kan dala miliyan 100 a 2007, ya iso a watan Nuwamba na 2008 daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ya yi zaman jira na kusan shekara goma kafin a buɗe shi a matsayin otal a 2018.

Annobar korona ta dakatar da harkar baki ɗaya a watan Maris na 2020, amma wannan masifa ce da ta shafi duniya duka. Abin da ya biyo baya a 2023 shi ne ya tona raunin da ya keɓanta da wannan yanki. Jiragen ba mazauna tekun Fasha ba ne. Da zafi ya fara haura digiri 40 sukan koma Turai su yi aikin bazara, kuma gajeriyar hanyarsu ita ce mashigin Suwez da Bahar Maliya da mashigin Babul Mandab da ke gaɓar Yaman. A ranar 19 ga Nuwamba, 2023, mayaƙan Huthi na Yaman suka kame jirgin dakon motoci mai suna Galaxy Leader, suka kuma shiga kai wa jiragen ruwa hari, suna masu cewa suna yi ne domin goyon bayan Falasɗinawan Gaza. A watan Janairu na 2024 kamfanin MSC ya soke tafiye-tafiye uku da ya shirya yi a watan Afrilu daga Dubai da Afirka ta Kudu zuwa Turai, jiragen suka zagaya ta yammacin Afirka babu fasinja ko ɗaya. Kamfanin Carnival shi ma ya sauya wa jiragensa 12 hanya.

Jirgin dakon kaya idan ya zagaya ta kudancin Afirka, ƙarin kwana goma ko fiye da kuɗin mai ne kawai, wanda a ƙarshe za a ɗora wa mai sayen kayan. Jirgin shaƙatawa kuwa, duk makon da ya yi a teku babu baƙi asara ce tsagwaronta, ga albashin ma'aikata fiye da dubu, ga ɗakuna a rufe, kuma sau biyu za a yi wannan zagaye a shekara, zuwa da komawa. Sa'an nan ga mashigin Hormuz, ƙofa ɗaya tilo ta shiga tekun Fasha, wadda faɗinta bai kai kilomita 40 ba a inda ta fi ƙunci, kuma Iran ce ke gaɓarta ta arewa. A lokacin yaƙin kwana 12 tsakanin Isra'ila da Iran a watan Yuni na 2025, Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin sojojin Amurka na Al-Udeid a Ƙatar a ranar 23 ga wata, ƙasashen yankin suka rufe sararin samaniyarsu na ɗan lokaci. Ba a yi wata biyu ba kamfanin AIDA na Jamus ya soke kakarsa ta hunturun 2025 zuwa 2026 a yankin, Costa ma, wanda shi ya buɗe wannan ƙofa a 2006, ya bar jirginsa a Bahar Rum. Kamfanonin MSC da TUI ba su bi sahu ba a wannan karo. Amma an ga yadda abin yake: zauren saukar baƙi ba ya motsi, jirgi kuwa cikin sanarwa ɗaya yake sauya nahiya, kuma miji da matar da ke neman rana za su same ta a tsibiran Kanari ko Karebiyan.

Akwai kuma wasu baƙin Deira da ba ta jirgin shaƙatawa suke zuwa ba, waɗanda duk mai sayar da gwal ko abaya a unguwannin Naif da Sabkha ya san su. Su ne fataken Afirka, cikinsu har da alhazai da hajiyoyin Kano da Katsina da Maraɗi, masu sarin gwal da turare da yadi da wayoyi da kayan lefe. Waɗannan sukan kama ɗaki na kwanaki, su ci abinci a unguwar, su yi ciniki da yawa, su biya 'yan dako da kamfanonin aika kaya. Su kuma takarda ce ta tare musu hanya. A watan Oktoba na 2022 Daular ta daina bai wa 'yan Nijeriya biza, kamfanin Emirates kuma ya dakatar da zirga-zirga zuwa ƙasar saboda kuɗinsa da suka maƙale, waɗanda a tsakiyar shekarar ya ce sun kai dala miliyan 85. Sai a ranar 15 ga Yuli, 2024 ministan watsa labarai Mohammed Idris ya ba da sanarwar an ci gaba da ba da bizar, Emirates kuma ya koma Legas ranar 1 ga Oktoba.

Kafin nan lissafin fataken ya riga ya sauya. Naira, wadda ake canjin dala a kan kimanin 460 a farashin hukuma kafin watan Yuni na 2023, ta haura 1,500 a watan Fabrairu na 2024, alhali dirhami a ɗaure yake da dala a kan 3.67. Farashin gwal ya wuce dala 3,000 kowane oza a watan Maris na 2025, ya kuma tsallake 4,000 a watan Oktoba. A cikin kusan shekara biyu da ƙofa ta kasance a rufe, fatake da dama sun koyi hanyar Guangzhou da Istanbul da Alƙahira, wasu kuma suka saba da yin oda ta waya daga rumfunansu na Kantin Kwari.

Bambancin ya fi fitowa fili idan ango da amarya daga Kano suka yi sha'awar wannan zagaye na kwana bakwai. Bajamushe ko Ba'italiye ba ya buƙatar neman bizar Daular tun bayan yarjejeniyar da ta ƙulla da Tarayyar Turai a 2015, amma mai fasfon Nijeriya sai ya tabbatar da izinin shiga kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, da kuma izinin sake shigowa Dubai a ƙarshen tafiyar. Ƙasashe shida na ƙungiyar haɗin kan yankin sun amince a ƙarshen 2023 da kafa bizar yawon buɗe ido guda ɗaya, irin wadda ake amfani da ita a Turai, kuma kamfanonin jiragen ruwa na daga cikin waɗanda shirin zai fi amfana. Yadda zai shafi 'yan Afirka ya dogara ne ga sharuɗɗan da kowace ƙasa za ta gindaya wa masu nema.