Kafin Ka Sayi Injin Busar Da Kaya, Tambayi Yunit Nawa Yake Sha



Yau maganarmu a kan injin busar da kaya ce, wanda wasu ke ce wa diraya. Na san wani zai ce, mu da Allah Ya ba rana kyauta, me ya haɗa mu da shi? Gaskiyarka ne. Idan kana Kano ko Sakkwato ko Zinder, kana da tsakar gida da igiyar shanya, to riƙe kuɗinka. Babu injin da ya kai rana arha.

Amma ba kowa ke da wannan gatan ba. Akwai ɗan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Ingila, wanda zai shanya riga a ɗaki ta kwana biyu ba ta bushe ba, bango ya fara yin baƙi saboda laima. Akwai mai shagon wanki da guga a Abuja ko Legas da damina ke hana wa cika alƙawari. Akwai mai ƙaramin masauki da ke wanke zannuwan gado kullum. Idan kana cikin waɗannan, da kai nake.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: kada farashin kanti ya ruɗe ka. Injin da ya fi arha ranar saye, yawanci shi ne zai fi cin aljihunka a mita. Idan za ka riƙa amfani da shi a kai a kai, nemi mai kwamfiresa ko da ya fi tsada. Bari in kawo maka dalili.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko mai bututu. Yana ɗumama iska da hita, ya hura wa kayan, sannan ya fitar da iskar waje ta bututu. Zafin da ka biya kuɗinsa ke nan yake fita ta taga.

Na biyu mai tankin ruwa. Shi ma da hita yake aiki, sai dai yana mayar da tururin ruwa ya tara a tanki, kai kuma ka zubar. Ba ya buƙatar huda bango, amma wajen shan wuta shi da na farko duk kanwar ja ce.

Na uku mai kwamfiresa, wanda za ka ga an rubuta Heat Pump a jikinsa. Aikinsa irin na firij ne ko na'urar sanyaya ɗaki. Yana tatse ruwan da ke cikin iskar, ya sake ɗumama ta da zafin da ya ƙwato, ya mayar cikin kayan. Tunda ba ya zubar da zafin, rabin wutar da sauran ke sha ta ishe shi, wani lokacin ma ƙasa da haka.

Mu yi lissafi

Duba takardar nan mai layuka masu launi da ake liƙa wa injinan Turai. A tsohon tsari, mai farawa daga A+++ ya sauka zuwa D, ana rubuta yunit ɗin da injin zai sha a shekara idan an yi busarwa 160. Yunit ɗaya shi ne kWh ɗaya, irin wanda kake saya a katin mita.

Ɗauki injin kilo 8. Mai tankin ruwa da ke matakin B yana shan kimanin yunit 560 a shekara. Mai kwamfiresa na A++ kimanin 235, na A+++ kuma kimanin 176.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A zuwa N225 a kowane yunit, daga baya ya dawo wajen N209. Mu ɗauka N210 don sauƙin lissafi. Mai tanki zai ci maka N117,600 a shekara, mai A+++ kuma N36,960. Bambancin ya haura N80,000, kuma duk shekara haka za ka riƙa biya muddin injin na aiki.

Wannan fa na gida ne, mai busarwa sau uku a mako. Mai shago da ke cika injin sau biyar a rana, kwana 300 a shekara, ya yi zubi 1,500 ke nan. A cikakken zubi bambancin yakan kai yunit uku. Yunit 4,500 sau N210, ka ga N945,000 ta tafi a banza. Ribar shago guda ce wannan.

Kai da ke Ingila, idan muka ɗauka kana biyan fens 25 a yunit, bambancin yunit 384 ya kama fam 96 a shekara. Ɗauko takardar kuɗin wutarka ka sa ainihin farashinka, wayarka na da kalkuleta.

Su kansu Turawan sun gama yanke hukunci. Daga 1 ga Yulin 2025 Tarayyar Turai ta sauya takardar zuwa A har G, ana lissafa yunit a kan busarwa 100, kuma sabuwar dokar ta sa kusan masu kwamfiresa ne kaɗai za a iya sabunta shigo da su kasuwa. Don haka kada ka kwatanta lambar tsohuwar takarda da ta sabuwa kai tsaye. Raba ta farko da 160, ta biyu da 100, sai ka ga abin da kowace busarwa ke ci. Sannan ina hasashen cewa tsofaffin da ake fitarwa daga gidajen can, da yawansu a kasuwannin tokumbo na nan za su ƙare, da farashi mai daɗin ji. Ka buɗe ido.

Maganar janareta da sola

Ga wani abu da mai kanti ba zai gaya maka ba. Mai hita yana jan wat 2,000 zuwa sama da 2,500 lokaci guda. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, inbata kuwa batiranta za su ji jiki. Mai kwamfiresa yawanci bai kai wat 1,000 ba. Idan kana da sola mai ɗan ƙarfi, za ka iya kunna shi da tsakar rana ba tare da ka taɓa mita ba.

Inda nake yarda da masu suka

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Yana da tsada wajen saye. Yana kuma da nawa, domin zafinsa wajen digiri 50 ne, ba kamar mai hita da ke kaiwa 70 ko fiye ba. Abin da wancan zai gama a awa biyu, wannan zai iya kaiwa uku. Sai dai wannan sanyin hannun nasa ne ke sa kaya ba sa saurin tsukewa ko ƙoɗewa.

Yanayin ɗaki ma na damunsa. Yawancin kamfanoni na cewa a ajiye shi inda zafi ke tsakanin digiri 5 da 35. A gareji mai sanyi a Ingila ba zai yi aikin kirki ba, haka ma a rufaffen shago a Maiduguri cikin watan Afrilu. Samar masa wuri mai iska. Kwamfiresa kuma ba ta son wutar da ke hawa da sauka, don haka sa masa sitabilaiza. Kafin ka biya, tabbatar akwai mai gyara a garinku.

Idan kuma amfaninka na wata biyu ne kawai a damina, sau ɗaya a mako, to lissafin ya canja. Rarar wutar ba za ta biya bambancin farashin da wuri ba. Raba ƙarin kuɗin sayen da rarar shekara. Idan amsar ta wuce shekarun da kake sa ran injin zai yi, ɗauki mai arha ko ka haƙura da igiya.

Mai sayen na hannu ya kula: na Ingila ya dace da wutarmu da soket ɗinmu. Na Amurka an ƙera shi ne don wutar can, filoginsa ma daban ne, ka bar shi. Mai kwamfiresa kuma idan an kawo shi a mota, bar shi a tsaye wasu awanni kafin ka kunna, kamar yadda ake yi wa firij.

Yadda za ka rage kuɗin bayan ka saya

1. Fara daga injin wanki. Sa matsewa a 1,200 ko 1,400 maimakon 800. Matse ruwa ya fi ƙafar da shi arha nesa ba kusa ba.

2. Cika shi daidai gwargwado. Riga uku ɓarnar wuta ce, danƙara shi kuma na hana iska zagayawa.

3. Ware masu kauri da marasa kauri. Tawul ɗaya zai sa injin ya ci gaba da juya singiletin da tuni suka bushe.

4. Yi amfani da tsarin da ke gane bushewa ya tsaya da kansa, ba na ƙidayar minti ba. Kayan da za a goge, zaɓi alamar dutsen guga. Zai bar ɗan danshi, gugar ma ta fi kwanciya.

5. Shadda mai ƙyalli da leshi mai duwatsu, shanya su a inuwa. Ba abincin injin ba ne.

6. Share rariyar bakin ƙofa bayan kowace busarwa, ta ƙasa kuma kamar yadda littafin injin ya nuna. Idan ta toshe, lokaci zai ƙaru, wuta ta ƙaru.

Wannan na shida ba maganar kuɗi ce kaɗai ba. A 2015 kamfanin Whirlpool ya sanar da cewa miliyoyin injinan Hotpoint da Indesit da Creda da aka sayar a Burtaniya na da matsala, ɓurɓushin zare na iya taɓa hita ya kama da wuta. A 2019 aka janye waɗanda ba a gyara ba. Idan tokumbo za ka saya daga cikin waɗannan, sa lambar samfurin a intanet ka bincika kafin ka ba da kuɗi. Kada ka kunna injin ka fita, kada ka kunna ka kwanta ko da wutar dare ta fi arha, kuma kada ka sa tsumman da ya sha mai ko fetur.

Ranar da za ka je kanti, ɗauki hoton takardar yunit ɗin, ka yi lissafinka a tsaye a wurin kafin a fara ciniki. Idan mai kanti ya ce babu takardar, lambar samfurin na nan a bakin ƙofar injin ko bayansa, wayarka za ta nemo maka.

Wanda ka san yana shirin buɗe shagon wanki, tura masa wannan. Allah Ya sa albarka a nema.