Faston da ya san hanyar Danja

Yau ba zancen zubi ko bashi na kawo muku ba. Labarin wani fasto ne na wani ƙauye bayan Tibiri, da yadda ya ba ƙungiyarmu kunya.

Wata ƴar ƙungiyarmu ta kwana uku tana naƙuda a gida. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, miji ya maida ta ƙauyensu. Wata huɗu ba mu gan ta ba, sai dai ta aiko ƙanwarta da zubi, mu ko muna ta ɗora mata tarar rashin zuwa. Ba wadda ta taka ta dubo ta. Har da ni mai riƙe da lissafi.

Faston garin nan, cocinsa ɗakin laka ne, mabiyansa ba su cika gida goma ba. Baikon Lahadi ba ya ciyar da shi, hatsi da wake yake nomawa kamar kowa. Matarsa ce ta jiyo maganar a bakin rijiya. Sau uku yana zuwa zauren mahaifin yarinyar, ya tuɓe takalmi, ya ce: "Baba, ciwon nan ba sammu ba ne, ana ɗinke shi." A na ukun tsoho ya yarda.

Ya san abin da yake faɗi. Mishan SIM, da ta zauna Tibiri tun 1927, ita ta buɗe likitar kutare a Danja, kusa da Jiratawa, a 1956. A 2012 kuma aka buɗe wurin aikin yoyon fitsari a nan Danja ɗin. Fasto ya sha raka marasa lafiya can, bai taɓa tambayar alƙiblar kowa ba.

Sai dai ba shi da kuɗin mota. Ya zo har Tibiri wurin shugabarmu, ya ce: "Hajiya, ni na san hanya, ku kuna da akwati." Wallahi ranar nan an yi gardama. Wasu suka ce zai maida ta Kirista. Hajiya ta ce: "To, wata huɗu tana kwance kan jiƙaƙƙiyar tabarma, wa ya je a cikinmu?" Sai kowa ya yi tsit. Muka yafe tarar, muka fid da jika goma cikin asusun taimako. Shi da matarsa suka kai ta Maraɗi, daga nan Danja. Ta komo a bushe, tana sallarta, tana tuyar ƙosai, tana zubinta.

Tun da aka soma Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tutiyarmu ita ce muna riƙe juna. Amma riƙon bai tsaya a bakin akwati ba. Ga abin da muka tsai da, ku ma ku duba a taronku: wadda ta yi fashi sau uku, a tura mata mutum biyu su gano ta kafin a yi zancen tara. Naƙudar da ta wuni ta kwana, a kai likita, asusun taimako ya biya mota.

Allah Ya saka wa fasto da iyalinsa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai fitowa ta gaba.