Tsakanin direba da ɗan kamasho: wa ke ɗaukar asarar hanyar Duwala zuwa Njamena?

A watan Fabrairun 2023 gwamnatin Kamaru ta ƙara kuɗin litar gazuwal daga sefa 575 zuwa 720, bayan shekara guda kuma ya koma 828. Lissafin ba wuya: kowace lita 100 ta samu ƙarin sefa 25,300. Babbar motar da za ta ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala zuwa Njamena, tafiyar wajen kilomita 1,800, ɗaruruwan lita take sha. Masu kaya sun koka, masu motoci sun koka. Wanda ba a cika jin muryarsa ba shi ne direba, alhali sau da yawa daga kuɗin hanyarsa ake fara yanka. A ganina, idan ana son gane halin da yake ciki, sai an koma inda ake rabon lodi.

Chadi ba ta da teku, don haka yawancin kayanta ta Kamaru suke bi. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1999 ta ba motocin Chadi kashi 65 cikin ɗari na wannan kaya, na Kamaru kashi 35. Da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya kuma rabon 60 da 40 ne. Ofishin BGFT ke lura da rabon a ɓangarenmu, BNFT a ɓangaren Chadi. Wannan a takarda ke nan. A fili kuwa, tsakanin mai kaya da mai mota akwai 'yan kamasho, dillalan lodi. Su suka san kwantenar da ta fito, da wanda ke neman mota, da nawa ya ce zai biya.

Wani binciken Bankin Duniya na 2009 ya nuna cewa ɗaukar tan ɗaya a kilomita ɗaya a wannan hanya yana cin santi 11 na dalar Amurka, yayin da hanyar Durban zuwa Lusaka ke cin santi 6. Binciken ya ɗora babban laifin a kan yadda ake rabon lodi: bin layi da yawan masu shiga tsakani. Wato mai kaya yana biya da tsada, amma kuɗin sai sun ratsa hannaye da dama kafin ragowar ta iso ga mai riƙe da sitiyari.

Direbobin da nake zama da su, cikinsu har da yayana, abu huɗu suke yawan ambata. Na farko, ba su sanin ainihin farashin lodi. Ɗan kamasho zai gaya wa mai mota wani kuɗi, ya karɓi wani a wajen mai kaya, wani lokaci ma lodin ya bi ta hannun dillalai biyu ko uku. Mai mota ya ga abin ya ragu, sai ya matse kuɗin hanya, wanda a ciki ne direba zai ci abinci, ya ciyar da yaron mota, ya sallami shingaye.

Na biyu, jira. Ana iya kiranka da asuba a ce kaya sun shirya, ka kawo mota, sai ka kwana biyar takardun duwan ba su fito ba. Ba mai biyan waɗannan kwanaki. Yayana ya taɓa ce mini: "Malam, wallahi tuƙin bai gajiyar da ni kamar zaman. Idan taya na juyawa ina samu, idan ta tsaya ni ke ciyar da ita."

Na uku, nauyi. Doka ta ƙayyade tan 50 gaba ɗaya, mota da kayanta, da tan 13 a kan gatari guda. Amma da yake da tan ake lissafin kuɗi, kowa yana son a ƙara. Wanda ya ce "ɗora kawai, ba komai" yana Duwala a zaune. Direba ne zai tsaya a gidan awo, shi ne kuma zai gangara dutsen da ke tsakanin Ngaundare da Mbe da kayan da suka fi ƙarfin birki.

Na huɗu, waya. Da zarar mota ta tashi, sai kira: "Kana ina? Mai kaya yana jira!" Mai kiran ba ruwansa da ramukan Mora zuwa Dabanga da Kusiri, ko matsalar tsaron wannan yanki, ko layin gadar Ngeli. Direban da ake kora haka shi ke tuƙin dare da jajayen idanu.

To a kori 'yan kamasho ke nan? A'a. Mai mota ɗaya tak ba ya da hanyar shiga ofishin manyan kamfanoni. Ɗan kamasho ne ke shigar da shi, ya tsaya masa, wani lokaci har ya ranta masa kuɗin mai. Kuma da yake kayan da ke hawa arewa sun fi masu saukowa yawa, mota kan dawo wayam, sai fa in wani ya samo mata auduga ko riɗi ko ƙaro. Wannan aiki ne, kuma ya cancanci lada. Da yawansu ma 'yan unguwanninmu ne, tsoffin direbobi. Dillanci sana'a ce ta halal. Ɓoye farashi ne ke ɓata ta.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Daga New-Bell a Duwala zuwa Birikitari a Yawunde, har Ngaundare da Garwa, gidaje nawa ne tuƙi ke ciyarwa? A ajina nakan gane mota ta maƙale a hanya tun kafin a faɗa mini: yaro zai zo ba littafi, ya ce baba bai dawo ba. Akwai kuma abin da ya fi damuna a matsayina na malami. Takardun lodi da faransanci suke, a Kamaru da Chadi duka. Direbobinmu da yawa sun yi allo, sun iya lissafi fiye da ɗalibaina, amma suna sa hannu a kan abin da wani ya karanta musu.

Gyaran da nake gani ba ya jiran sabuwar doka. Kafin mota ta tashi, a rubuta abu biyar a takarda ɗaya: kuɗin da mai kaya ya biya, ladan ɗan kamasho, nauyin kaya, kuɗin hanya, da abin da za a biya direba a kowace ranar jira bayan kwana biyu. Mai mota da direba da ɗan kamasho kowa ya riƙe kwafi. In rubutu ya gagara, a yi saƙon murya ta WhatsApp a gaban shaida. Ƙungiyoyin direbobi su nace a auna mota tun a wurin lodi, tarar nauyi kuma ta hau kan wanda ya sa aka ƙara. Mu malamai kuma mu buɗe ajin dare a tashoshin manyan motoci. Kalmomin da ke cikin takardar lodi ba su da yawa, wata uku ya isa a koye su.

Ɗan kamasho mai gaskiya ba zai ji tsoron takarda ba, don ita ce za ta raba shi da macuta. Wanda ya ƙi a rubuta kuwa, direba ya san da wa yake hulɗa tun kafin ya tayar da inji.