Man Fetur Mai Araha Ya Tafi, Manoman Bagudo Su Yi Shiri

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Bola Tinubu ya shelanta a wajen rantsar da shi cewa tallafin man fetur ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000. Amma har yau akwai masu jiran wai farashi ya koma gidan jiya. Wannan jiran gawon shanu ne. A farkon 1993 kwabo 70 ake sayen lita, a 1994 Abacha ya mai da ita Naira 11. A 2012 an ɗaga daga 65 zuwa 141, jama'a suka fito kan tituna, aka sauke zuwa 97, aka ce wai an ji kukan talakawa. Haka mahukunta suka saba, su hau da goma su sauko da biyu.

Mutanen Bahindi da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, a bakin iyakar Benin, sun riga kowa ɗanɗana wannan ƙunci. Shekara da shekaru ana kwasar man Nijeriya zuwa Benin, inda ake sayar da shi a kwalabe a gefen hanya, don haka a Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Wa ya ji a jikinsa? Manomi da ɗan kabu-kabu da mai injin niƙa, waɗanda dole ta sa suka koma hannun 'yan bumburutu.

Inda abin ya fi tsanani shi ne noman rani. Jigo iyayen manoman yau suka sani. Daga farkon shekarun 1990 shirin Fadama ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa masu shan fetur, aka jingine jigo, gonaki suka faɗaɗa. Da aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, sai shinkafa ta zama abin tinƙahon jihar. To, ita shinkafar rani ba ta san an cire tallafi ba. Wata uku zuwa huɗu tana neman ruwa a kai a kai, in aka yi mata jinkiri lokacin da take fitar da kai, asara ta tabbata. Ashe duk wannan bunƙasa a kan man araha aka gina ta. Abin takaici, ruwan Neja da ke ratsa ƙasar Bagudo shi ne ke gangarawa Kainji, inda yake samar da lantarki tun 1968, amma manomin bakin kogin da jarka yake yawo.

Wasu sun mai da injinansu masu amfani da gas. Akwai sauƙi, sai dai shi ma saye ake yi, kuma farashinsa ba ya zama wuri guda. Abin da ya fi dacewa da wannan yanki shi ne injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, tunda lokacin da gona ta fi ƙishi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Ba a ce ba shi da aibi ba. Ba ya aiki da dare, ƙurar hunturu na rage masa ƙarfi in ba a goge farantan, ɓarayi kuma suna sonsa. Babban cikas dai kuɗin saye ne, wanda ya fi ƙarfin ƙaramin manomi shi kaɗai.

Bai fi ƙarfin mutum biyar ko shida masu maƙwabtakar gona ba. Su haɗa kuɗi kamar yadda ake adashe, ba tare da shiga bashin ruwa ba, su raba kwanakin ban-ruwa da na gadi. Masu hali na garin su ɗauki nauyin koya wa matasan da ke gyaran injin fetur yadda ake haɗa na rana da gyara shi, don kada ƙaramar matsala ta sa sai an je Birnin Kebbi. Lokacin yin wannan shawara shi ne da kaka, sa'ad da kuɗin amfanin damina ke hannu, tun kafin a zuba irin shinkafar rani.