Bam haɗin gida ko nakiya: Me ya sa sunan ke da muhimmanci?

A ƙarshen watan Afrilun 2025, wani abu ya tarwatse da wata mota a kan hanyar Rann zuwa Gamboru Ngala a jihar Borno, mutum 26 suka rasu. Sanarwar jami'an tsaro ta kira shi IED. Kafafen Hausa kuwa kowa da nasa: wasu suka ce bam haɗin gida, wasu nakiya, wasu suka tsaya a "abin fashewa".

Sojojin Birtaniya ne suka fara yawan amfani da kalmar IED a rikicin Arewacin Ireland a shekarun 1970, sannan yaƙin Iraƙi na 2003 ya yaɗa ta a duniya. Tana nufin duk bam ɗin da ba masana'antar makamai ta ƙera ba, wanda aka harhaɗa daga kayan da suka samu. Shi ya sa hukumomi suka taƙaita safarar wasu nau'o'in takin zamani a Arewa maso Gabas, abin da manoma suka ji a jikinsu.

"Haɗin gida" ya fi kusa da ma'anar, sai dai yana sa a ɗauka ƙaramin abu ne, alhali irinsa ne ya hallaka mutane da dama a tashar motar Nyanya a 2014. "Abin fashewa" kuma bai faɗi komai ba, don tukunyar gas ma tana fashewa. Nakiya tana da nata ruɗanin, domin da ita ake kiran abin da masu fasa dutse ke amfani da shi, ban da nakiyar biki da ake ci.

Inda sunan ya fi tasiri shi ne doka. Bam ɗin da aka binne, wanda takun mutum ke tayar da shi, nakiyar ƙasa ce a ƙarƙashin yarjejeniyar Ottawa ta 1997, ko da a daji aka haɗa shi. Najeriya ta shiga yarjejeniyar a 2001, don haka wajibi ne ta gano wuraren da aka binne su, ta share, ta kuma tallafa wa waɗanda suka jikkata. Rahoton da ya tsaya a "abin fashewa" ba ya tuna wa gwamnati wannan nauyi, kuma ba ya gaya wa ɗan gudun hijirar da zai koma gona cewa akwai sauransu a ƙasa.