Matatar Ruwan Kifi: Ɗakin Gwaji Mafi Araha ga Makarantun Bukkuyum

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Amma a fagen kimiyya akwai inda ido kan yaudari mai shi, kuma babu inda wannan ya fi bayyana kamar a sha'anin ruwa. A ƙasar Bukkuyum da Anka da Gummi, akasarin jama'a kan auna kyawun ruwa ne da ido: in ya kwanta garau, to an yarda da shi. Wata 'yar na'ura da kowane ɗalibi zai iya harhaɗawa da tarkacen gida, wato matatar ruwan kifi, ta isa ta gyara wannan tunani. Saboda haka ya dace kowace makarantar sakandare a yankin ta mallaki guda.

Haɗa ta ba wuya. Ana samun babbar gorar roba a yanke gindinta, a huda murfin, sannan a kifa ta a bisa bahon da aka saka 'ya'yan tarwaɗa ko karfasa. Daga ƙasa a zuba tsakuwa, sai tsingaro da gawayi da aka wanke sarai, sai yashi mai kauri, a rufe da guntun soson katifa. Inda babu lantarki, sai a rataya bokiti mai 'yar ƙofa a sama, ɗalibai su riƙa ɗebo ruwan bahon suna cika shi, yana ɗiga cikin gorar yana komawa wurin kifi.

Soso da yashi su ne ke tare kashin kifi da ragowar abinci. Wannan shi ne aikin da ido ke gani, kuma shi ne ƙarami. Babban aikin a ɓoye yake. Kifi kan fitar da sinadarin amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa, kuma ko kaɗan ne ya taru yana iya halaka shi, alhali ruwan na nan garau. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin tsakuwa da tsingaro su ne ke mayar da amoniya naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya yi fice wajen binciken waɗannan halittu a wajejen 1890. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita, kuma suna bukatar danshi da iskar oksijin kullum. Don haka ba a wanke matatar da sabulu ko ruwa mai kulorin, sai dai a ɗauraye ta da ruwan bahon. Kowane mako a kwashe rubu'in ruwan a sake sabo, a kai tsohon ga alayyafo ko tumatir, domin naitiret taki ne.

Ɗalibin da ya ga kifi ya mutu cikin ruwa garau a makon farko, sannan ya ga wani ya rayu a mako na shida, ya fahimci abin da babu allon da zai koya masa: akwai guba da ba a gani, akwai kuma mai taimako da ba a gani.

Wannan darasi ba wasa ba ne a yankin nan. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta gano cewa yara na mutuwa a ƙauyuka irin su 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka. Sanadin kuwa gubar dalma ce da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka da niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta gauraya da ƙasar da yara ke wasa a kai. An ƙiyasta cewa yara wajen 400 ne suka rasu. Dalmar ba ta da wari, kuma ido ba ya bambance ƙurarta da sauran ƙura. Al'ummar da ta taɓa shan irin wannan ɗaci tana bukatar 'ya'yan da suka san cewa rashin gani ba rashin abu ba ne.

Wani zai ce ina amfanin kiwon kifi a baho ga makarantar da ba ta da isassun kujeru? Amsar ita ce, wannan ne gwajin da bai bukatar kasafin kuɗi, kuma cikinsa akwai ilmin halittu da na sinadarai da na aikin gona. Wani kuma zai ji tsoron kada ɗalibai su ɗauka ruwan da ya bi ta gorar ya zama na sha. Wannan tsoro yana da hujja, kuma wajibi ne malami ya faɗa ƙarara: matatar ba ta kashe ƙwayoyin cutar kwalara ko taifot, ba a kuma dogara da ita wajen cire dalma. Gawayin girki ba shi da ƙarfin gawayin da masana'antu ke sarrafawa domin tace ruwa. Ruwan sha sai an tafasa ko an saka masa magani, kuma tafasawar ma ba ta raba shi da dalma. Sanin iyakar na'ura shi ma ilmi ne.

Abin da ya rage shi ne jami'o'in da ke kusa, kamar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau, su horar da malaman kimiyya, su kuma taimaka musu da kayan auna amoniya, domin ɗalibi ya ga da lissafi abin da ido ya kasa nuna masa. Gora da tsakuwa da tsingaro kuwa, babu gidan da ya rasa su a Bukkuyum.